Ranar Keke a Basel da Aikin da Aka Manta

Duk shekara idan 19 ga Afrilu ta zagayo, wasu mutane a nan birnin Basel na ƙasar Switzerland da wasu biranen Turai da Amurka sukan yi bikin da suke kira Ranar Keke. A wannan rana ce a 1943 Albert Hofmann, masanin haɗa magunguna a kamfanin Sandoz, ya sha mikrogram 250 na LSD, sinadari mai jirkita hankali da ya haɗa tun 1938 daga wata cutar hatsi mai kama da burtuntunar dawa. Ya ɗauka kaɗan ya sha, ashe ya fi ƙarfinsa. Saboda yaƙi an taƙaita zirga-zirgar motoci, sai ya koma gida a kan keke tare da mai taimaka masa, yana jin kamar ba ya gaba alhali gudu yake yi. A gida maƙwabciyar da ta kawo masa madara ta koma masa mayya, ya kuma tabbata hauka ko ajali ne ya zo. Sai a 1985 wani farfesa a Amurka, Thomas Roberts, ya mayar da ranar biki.

Wanda ya tashi a Kano, ya ga yadda kodin da tiramadol suka lalata 'ya'yan mutane har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, ba zai ji daɗin wannan biki ba, ni ma ban ji ba. Mu ranar da muka sani ita ce 26 ga Yuni, ta yaƙi da shaye-shaye. Duk da haka akwai abin da na yaba wa mutanen nan, domin tun 2014 hukumar lafiya ta Switzerland takan ba wasu likitoci izini na musamman su gwada sinadarin a kan masu matsanancin ciwon damuwa, ƙarƙashin kulawa, yayin da a gida tsoro da kunya sukan hana a kai mai shan ƙwaya asibiti.

Abin da ya fi damuna shi ne masu bikin ba sa ambaton cewa daga wannan binciken ne Hofmann ya samar da Methergine, allurar tsayar da zubar jini bayan haihuwa. A ƙasashenmu, inda zubar jini ke kan gaba wajen kashe masu haihuwa, wannan aikin nasa ne ya cancanci a ware masa rana.