Zumar garinku ba ta hana atishawa

Kun dai ga saƙon da ake ta turawa a WhatsApp, wai duk mai fama da atishawar kaka ya ajiye magani ya riƙa shan cokali ɗaya na zumar garinsu, jikinsa zai saba da garin fure, wato ƙurar furen da ke sa shi atishawa. To ƙanwata ta bi. Kwana tara ba ta taɓa feshin hancinta ba. Jiya na shiga wajenta na tarar idanu sun yi jajur, hanci sai zuba yake, murya ta dishe, ga kwalbar zuma a gefen katifa an sha rabi. Wallahi raina ya ɓaci.

Jama'a, garin furen da ke sa ku atishawa ba shi ne a cikin zuma ba. Wanda ke damun hanci mara nauyi ne, iska ke ɗaukarsa daga ciyawa irin su gamba idan sun yi fure a ƙarshen damina. Ƙudan zuma kuwa ya fi zuwa wa furen mangwaro da ɗorawa da makamantansu, masu gari mai nauyi da danƙo wanda ba ya yawo a iska. Ta yaya jiki zai saba da abin da ba a ba shi ba? Ɗan abin da ya faɗa cikin amya ba wanda ya auna shi. Likitocin da ke sabar wa jiki da garin fure gwaji suke fara yi su gane wanne ne ke damunka, sannan su ba ka shi da awo har shekara 3 zuwa 5.

An gwada maganar nan a jami'ar Connecticut ta Amurka, aka buga sakamakon a 2002. Mutum 36 aka raba uku: masu shan ɗanyar zumar yankinsu, masu shan ta kanti, da masu shan ruwan zaƙi mai ɗanɗanon zuma. Ba a ga bambanci ba.

Kada wani ya zo mini da cewa ina ƙaryata waraka a cikin zuma. Na san ayar Suratun Nahl, na yi imani da ita, a gidana ma zuma ba ta yankewa, da ita nake lallaɓa tarin yara. Amma ayar ba ta ce ka jefar da maganinka ba. Mai cewa "ai ni na sha na warke" kuma, ciyawa ce ta bushe, malam. Idan hunturu ya shigo da ƙurarsa daga Bodele ta Chadi, wace zuma ce za ta sabar maka da ita?

Ku sha zumarku, ku riƙe maganinku, musamman masu asma.

Af, tunda an zo maganar: iyaye mata, don Allah ku daina lasa wa jarirai zuma kafin su shekara. Tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsu bai kai ya yaƙa ba, sai ka ga yaro ya saki jiki ya kasa tsotso. Na faɗa wa gwaggona haka ranar suna, har yau ba ta amsa gaisuwata da kyau.