Ni da Ɗan Gayu a layin bayar da jini

Duk wanda ya yi lesin ɗin yamma a layinmu na Tudun Wada shekarar da muka zana WAEC ya san Ummi, ya kuma san mu biyun da ke takara a kanta: ni da wani da muke kira Ɗan Gayu, don ko aiken gawayi aka yi masa sai ya fesa turare. Ummi tana da sikila, SS, kuma ba ta ɓoyewa. Gorar ruwa ba ta barin hannunta, kullum safiya folik asid da Paludrine, da hunturu kuwa rigar sanyi har da safa.

Ni duk na haddace wannan. Shi kuwa wata Asabar a Janairu, hazo ya rufe gari, sai ga shi da askirim tun daga Ahmadu Bello Way. Nan na yi masa lacca a gabanta: sanyi yana matse hanyoyin jini, ƙwayoyin da suka lanƙwashe kamar lauje su maƙale, ciwon ƙashi ya tashi. Ummi ta ce, "Sannu, likita." Ranar ko abincin dare ban nema ba.

Da damina maleriya ta kayar da ita, jininta ya yi ƙasa, aka kwantar da ita ana neman leda biyu. Yayanta na sa cigiya a WhatsApp, sai ga mu a ƙofar ɗakin gwaji, kowa na hararar ɗan'uwansa.

Sista ta karanto sharuɗɗa: shekara 18 zuwa sama, nauyi aƙalla kilo 50, a duba ko kai kanka kana da isasshen jini, a tantance cutar ƙanjamau da ciwon hanta, sannan a ɗebi kimanin mililita 450. Na hau sikeli, 49. Sai na tuna ledar fiya wata rabin lita ce, rabin kilo ke nan. Na zagaya wurin mai kanti na shanye huɗu a tsaye, don kada a samu akasi. Na dawo, sikeli ya ce 51. Sista ta kalli cikina ta kalle ni, ta ce, "Ɗan nan, Allah ya shirye ka. Miƙo yatsa."

Rukunin jinina ya dace. Jinotayif ne ya kashe ni: AS. Ta ce mai sikila jinin AA ake so a ƙara mata, ba wanda ke ɗauke da S ba. Abin haushin, Umman Ummi na zaune a benci tana ji, kuma ta fi ni sanin lissafin: AS ya auri SS, kowane ciki rabi da rabi ne a haifi mai sikila. Ta dafa kaina ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Daga yau Ummi ƙanwarka ce."

Ɗan Gayu kuwa AA, kilo 62, sai buɗe ƙirji yake yi. Daidai lokacin ruwan nan ya fara neman hanyar fita, na ruga bayi na tarar da layi. Don haka ban ga abin da ya faru ba, labari aka ba ni: allurar ɗibar jini tana da kauri, ba irin ta zazzaɓi ba ce, yana ganin an ɓare ta ya sulale ƙasa tun ba a taɓa shi ba. Na dawo na same shi kwance an ɗaga ƙafafunsa sama, ana yi masa fifita, yana shan Maltina ɗin da na saya da kuɗina don in sha bayan na bayar.

Abokan yayanta ne suka bayar da jinin, Ummi ta warware aka sallame ta. Ta ce dariyar labarinmu ta kusa tayar mata da ciwon ƙirji.

Yanzu duk Juma'a da yamma Ɗan Gayu na zuwa gaishe ta, Umma kuma ni take aikowa a kira, in zauna a zaure ina sa musu ido a matsayina na yaya.