Ƙyallen da ake sharewa a shagon tela

Assalamu alaikum. Yau kwana goma sha biyu da kama azumi, kuma tun daren jiya wata magana take cina a rai, shi ya sa na ce bari in sauke ta a nan kafin in shiga madafa.

Wata ƙanwata ta shigo gidanmu a nan unguwar Hausare, cikin Garwa ta ƙasar Kamaru, ta tarar da ni a kan keke, kwandon ƙyalle a gefena, ina ɗinka 'yan jakunkunan da nake raba wa yara ranar Sallah. Ta ɗauki guda ta jujjuya, sai ta ce: "Haba Yaya! Mutane suna sayo kaya daga kanti, ke kina nan kina haɗa tsumma? Ai sai a ce ba ku da shi ne." Ban yi fushi da ita ba, domin abin da take ji a gari ne ta faɗa. Amma kalmar nan ta "tsumma" ta tsaya mini a wuya har sahur.

Yaushe muka koma haka? Yaushe kyauta ta zama sai an gan ta cikin kwali mai sheƙi da rubutun wata ƙasa kafin a ce an gode? Na san matan da suke cin bashi, ko su ɗauki adashe tun kafin lokacinsu, don kawai su sayi bindigar roba da agogon da ba ya tafiya su raba wa 'ya'yan dangi. Kafin a gama yawon Sallah rabinsu sun karye, an watsar a lungu, bashin kuwa yana nan har Babbar Sallah.

Bari in gaya muku abin da ke cikin kwandon nan. Akwai telan da yake bakin layinmu, duk ƙarshen mako sai ya tara mini guntayen da suka rage bayan yanka. Da sharewa yake yi a ƙona. Akwai shadda, akwai atamfa, akwai yadin maza mai kauri, kuma idan watan Maris ya wuce sai ka ga guntayen atamfar ranar mata ta 8 ga Maris sun cika buhu, tunda kusan kowace mace a gari ta ɗinka. Ina wanke su, in shanya, in goge da dutsen guga na gawayi, sannan in ware su launi-launi. Gugar nan ita ce rabin aikin. Ƙyallen da ba a goge ba, komai iyawarki, ɗinkin sai ya karkace.

Jakar goron Sallah ita ce mafi sauƙi. Ƙyalle biyu kamar faɗin tafin hannu da rabi, ki haɗa fuska da fuska, ki bi gefe uku da keke, ki kalmashe bakin sau biyu ki bar hanyar igiya, ki juyo da ita. Igiyar ma daga ƙyallen nake yin ta, in zura da fil. Wadda hannunta ya saba, minti ashirin sun ishe ta. A kan kowace jaka nakan ɗinka harafin farko na sunan yaron da zare mai launi, da hannu, domin in ba haka ba faɗa ne za a kwana ana yi. Bara wani ɗan yayana mai shekara shida ya rataya tasa a wuya tun daga idi har dare. Duk gidan da aka ba shi sefa hamsin ko ɗari sai ya kwance igiyar a hankali, ya jefa, ya ƙulle, ya girgiza ta kusa da kunnensa ya ji ƙara. Har yau tana nan, a cikinta yake ajiye alƙalaminsa na kara na makarantar allo.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ta Goggo ce. Goggonmu ta tsufa, gwiwoyinta suna damunta, kuma ta ƙi yarda ta yi salla a kan kujera. Na lura duk lokacin da za ta zauna tahiya sai ta ninke ɗankwali ta tura ƙarƙashin gwiwa. Sai na ɗinka mata wani ɗan matashi siriri, tsawon kamu biyu, da ragowar shadda ruwan toka, na cusa masa audugar rimi, na bi tsakiyarsa da ɗinki layi uku don kada audugar ta taru waje ɗaya. Ranar Sallah na kai mata tare da tuwo. Ta daɗe tana shafa shi ba ta ce komai ba, can sai ta ce: "Ashe kina kallona, 'yar nan." Duk faɗin babbar kasuwar Garwa babu mai sayar da wannan matashin, domin babu ɗan kasuwar da ya san gwiwar Goggo. Wannan shi ne abin da nake ta ƙoƙarin fahimtar da ƙanwata. Kafin ki ɗinka wa mutum abu sai kin zauna kin tuna shi, kin tuna abin da yake fama da shi, da launin da yake so, da girman hannunsa.

Kuma a ce a Garwa ne ake raina ƙyalle! Garin auduga fa. A nan hedikwatar SODECOTON take, kamfanin auduga da aka kafa a 1974, kuma manoman Arewa da Arewa Mai Nisa su ne suke noma audugar ƙasar nan. A nan CICAM, kamfanin yadi da aka kafa tun 1965, ya gina masana'antarsa ta kaɗi da saƙa, a kai yadin Duwala a buga masa zane. Da rani kowa yana ganin manyan motoci shaƙe da auduga suna wucewa, farin gashinta yana maƙalewa a ƙayoyin bakin hanya. Mafi yawanta ɗanya ake fitar da ita waje, a sarrafa a can, mu kuma mu saya da tsada, ko ta dawo mana a dilar gwanjo bayan wani ya gama sawa. Wanda ya san wahalar da ake sha tun daga shuka, feshi, tsinka da hannu cikin rana, har abin ya zama yadi, ba zai ga guntun atamfa ya kira shi shara ba. Kakanninmu da suke kaɗi da mazari ko zare kamu ɗaya ba sa yarwa.

Ga kuma maganar leda. Tun 2014 dokar hana siraran ledoji ta fara aiki a Kamaru, amma ku leƙa magudanun ruwa da bakin Binuwai ku gani. Jakar cefane ta ƙyalle mai ninki biyu da hannu mai ƙarfi tana shekara biyu ana zuwa kasuwa da ita. Ita nake ɗinka wa matan aure. Ita ce kuma na kai wa maƙwabciyarmu Kirista a watan Disamba, wadda ba ta taɓa barin Kirsimeti ta wuce ba ta aiko mana da shinkafa ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce kowa ya zama tela ba, ban kuma ce mai hali kada ya saya ba. Wanda Allah ya hore masa ya ɗinka wa marayu kaya sababbi ful, ya yi, ladansa yana wurin Allah, kuma jakata ba za ta maye gurbin rigar Sallah ba. Abin da ba na so shi ne a kunyata wadda ta kawo abin hannunta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mata musulmi magana kai tsaye cewa kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da ƙofaton akuya ne. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, muna jin sa a wurin tafsiri, mu gyaɗa kai, mu dawo gida mu auna kyauta da farashinta.

Wani abu kuma da ya kamata in faɗa, tunda na san wasu za su karanta wannan su garzaya wurin tela. Don Allah kada ku kai masa ƙananan ɗinki a goman ƙarshe ku ce ai "ɗan abu ne kaɗan", ya yi muku kyauta. Mutanen nan ba sa barci a kwanakin nan, ga zafin Garwa da yakan haura digiri 40, ga azumi a baki, ga masu kaya suna tsaye a kansu. Ki roƙi ƙyalle, ki ba yaron shago wani abu, ki koma gida ki ɗinka da kanki. Ba sai da keke ba. Allura da zare da almakashi sun isa, kuma yarinya 'yar shekara goma za ta iya idan aka zauna da ita. Ni a hannun Innarmu na koya, a kan tabarma, da ɗinkin hular 'yar tsana, shekaru kafin in taɓa wannan tsohon keken Butterfly da ta bar mini.

Ƙanwar tawa dai da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce in akwai ragowar shuɗiyar shaddar nan in yi wa ɗanta guda ɗaya. Na ce ta dawo gobe bayan an sha ruwa da allurarta, ita za ta ɗinka harafin sunansa. Jakunkuna goma sha bakwai na gama, saura tara, sai kuma rigar Alƙur'anin Malam da ban ko yanka ba tukuna.