Koyon maikurokontirola: bidiyo ba zai ɗauke wa ɗalibi karatun littafi ba

A sassan injiniyan lantarki na jami'o'inmu da kwalejojin fasaha akwai darasin da ɗalibai ke shiga da ɗoki su fito a gajiye: darasin maikurokontirola, ƙaramar ƙwaƙwalwar nan mai ƙafafu da ke zaune a cikin mitar wuta ta kati, da inbata, da na'urar cajin batirin sola, da POS ɗin mai shagon unguwa. Kwamfuta ce sukutum a guntu ɗaya da bai wuce ɗan yatsa ba, aiki ɗaya kuma take yi tun daga kunnawa har kashewa. A wurare da dama har yanzu da alli ake koyar da ita. Malami ya zana guntun 8051 na kamfanin Intel, wanda ya fito a 1980, ɗalibi ya haddace cewa ƙafarsa 40, ma'adanar aikinsa bayit 128 (bayit ma'aunin girman ma'adana ne), ya juye a takardar jarrabawa ya ci, alhali bai taɓa riƙe guntun a hannunsa ba.

Shi ya sa ban ga laifin matasan da suka juya wa littafi baya ba. Tun da aka ƙirƙiro allon Arduino, ƙaramin faifan lantarki mai ɗauke da irin wannan guntu, a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005, don ɗaliban zane da ba su karanta lantarki ba, hanya ta buɗe. Yaro zai sayi Arduino Uno, ya kalli bidiyon minti goma a YouTube, ya kwafi umarnin da wani ya rubuta, kafin magariba fitila tana ƙiftawa a gabansa. Wannan farin ciki na gaske ne, ya kuma jawo mutane da yawa cikin fannin fiye da yadda allon aji ya taɓa yi. Daga baya guntun ESP32 ya zo a 2016 da wayfay a jikinsa, Raspberry Pi Pico ya biyo a 2021 kan dala 4. Sai aka fara jin matasa na cewa littafi ya zama tarihi. A nan ne na rabu da su.

Mu ɗauki aikin da ake yawan gani a nan Arewa, injin ƙyanƙyasar ƙwai. Buƙatarsa a fili take: zafi ya tsaya wajen digiri 37.5 har kwana 21, a riƙa juya ƙwan sau da dama a rana, a daina juyawa idan an kai kwana 18. Umarnin da zai yi wannan yana nan birjik a intanet, kuma a kan tebur zai yi aiki lafiya lau. Wahalar tana farawa ne ranar da aka kai injin gidan mai kaji.

A kan guntun da ke kan Uno, wato ATmega328P, manhajar Arduino tana ƙirga lokaci ne da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan ɗalibi ya ajiye wannan ƙirgen a irin ma'ajin lamba da aka fi sabawa da shi, mai bit 16, ba zai ɗauki abin da ya wuce 32,767 ba. Bai cika daƙiƙa 33 ba lambar za ta kife ta koma ƙasa da sifili. To, a ce ya gano wannan ya koma ma'aji mai bit 32. Shi ma yana cika bayan kwana 49 da awa 17, ya koma sifili. Injin da ke kan batirin sola ba ya mutuwa zai ƙyanƙyashe zubi na farko da na biyu ba matsala, a tsakiyar na uku ne lissafin juya ƙwai zai rikice, idan an rubuta kwatancen lokacin ta hanyar da ba daidai ba. Gyaran layi ɗaya ne: a riƙa debe lokacin da ya wuce daga na yanzu maimakon a tara. Amma wanda bai karanta babin yadda ake ajiye lambobi ba bai ma san akwai abin gyara ba. Kada kuma a ɗauka kuskuren 'yan koyo ne kawai. A 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin da ke sarrafa janaretocin jirgin Boeing 787 za su iya ɗauke wuta gaba ɗaya idan suka yi kwana 248 a kunne ba a kashe ba, saboda irin wannan cikar ma'aji.

Sai batun ɗauke wuta, wanda mu muka fi kowa saninsa. Wuta na tafiya guntun zai manta ko kwana nawa ƙwan ya yi, don haka dole a riƙa rubuta ranar a ma'adanar da ba ta gogewa. Mai kwafe zai ce a rubuta kowace daƙiƙa don a fi samun tabbaci. Masana'anta kuwa rubutu 100,000 ta lamunta a kowane gurbi na wannan ma'adana, wanda a wannan saurin zai ƙare cikin awa 28. Idan wuta ta yi ƙasa ba ta tafi gaba ɗaya ba, kamar yadda take mana kullum, guntun na iya rubuta shirme a ma'adanar, sai dai in an saita masa mai gadin da zai tsayar da shi idan ƙarfin ya sauka ƙasa da bolt 2.7 ko 4.3. Rilen da ke kunna hita, wato makunnin da guntun ke sarrafawa, yana mayar da tartsatsin lantarki duk lokacin da ya saki, in babu dayod mai tare wannan tartsatsi a jikinsa wata rana zai ƙone taransistar da ke tura shi. Ƙafa ɗaya ta guntun kuma ba a so a ja mata fiye da miliamfa 20. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai bayyana a bidiyon minti goma, domin mai bidiyon yana kashe kyamara ne da zarar fitila ta kama. Asarar kuwa a kan mai kaji take faɗawa, shi da ya zuba kiret-kiret na ƙwai da kuɗin bashi.

Abin da littafi mai kyau yake bayarwa shi ne tsari. Yana fara maka da yadda lamba ke zama a ma'adana, ya wuce zuwa ƙafafu, da agogon ciki, da katse aiki idan wani abu na gaggawa ya taso, da mai gadin da ke sake tayar da guntu idan ya maƙale. Kowane babi yana tsaye kan na bayansa. Bidiyo kuwa tambayar da ka yi kawai yake amsawa, ɗan koyo kuma bai san tambayar da ya kamata ya yi ba. Kamar mai koyon tuƙi ne da ya iya sitiyari a filin ƙwallo, bai taɓa jin labarin birki a kan gangara ba.

Ni ban ma damu da tsufan 8051 ba. Har gobe ana ƙera 'ya'yansa, kuma ƙanƙantarsa na tilasta wa ɗalibi ya san inda kowane bayit ya tafi. Wanda ya fahimce shi ba zai sha wuya da wasu guntaye irin su PIC16F877A ko ATmega ba. Abin da ke damuna shi ne karanta shi ba tare da shi ba. Babin agogon ciki da aka haddace ba a gwada ba yana bushewa a kai kafin hutun zango ya ƙare. Ƙarshensa shi ne abin da kowa ya sani ba a son faɗa: ɗalibin shekarar ƙarshe ya biya wani ya haɗa masa aikin kammala karatu, ya tsaya gaban malamai yana karanto bayanin abin da bai san cikinsa ba. Wannan ya fi komai ci mini rai, domin galibinsu yara ne masu kai, hanyar ce ba a nuna musu ba.

Ga ɗalibin da ke koyo shi kaɗai, shawarata ita ce ya zaɓi littafi ɗaya da guntu ɗaya ya zauna a kansu. Kada ya buɗe sabon babi sai ya gina abin da na baya ya koyar, ya kuma ɓata shi da gangan ya ga yadda yake lalacewa. In kuɗin allo bai samu ba tukuna, manhajojin kwaikwayo irin su Proteus da Wokwi za su kai shi wani wuri, duk da cewa a cikinsu wuta ba ta yin ƙasa, waya kuma ba ta kwancewa. Ya koyi harshen C, wanda ake rubuta wa guntu umarni da shi, da gaske. Idan ya yi nisa ya fara leƙa takardar bayanin da masana'anta ke fitarwa kyauta ga kowane guntu. Shafukanta ɗaruruwa ne, Turancinta a bushe yake, amma alƙaluman da na kawo a kan ma'adana da bolt da ƙafar ATmega a cikinta suke, kuma babban aikin littafin koyo shi ne ya kai mutum inda zai iya karanta ta.

Akwai kuma waɗanda aka manta da su. Masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre a Kano da masu gyaran inbata a garuruwanmu suna da hannun da injiniya mai digiri zai yi sha'awa, suna ɗaga guntu mai ƙananan ƙafafu su mayar ba su ƙone allo ba. Abin da ya tsaya tsakaninsu da rubuta wa guntun umarni shi ne Turancin littafin. Malamanmu da suka iya fannin za su yi babban aiki idan suka rubuta bayanin waɗannan babuka da Hausa, da misalan tankin ruwa da famfon rijiyar burtsatse.

Su kuma hukumomin NBTE da NUC, masu tsara manhajar kwalejojin fasaha da ta jami'o'i, ina ganin sauyi ɗaya zai yi tasiri sosai: a ba da rabin makin wannan darasi a kan na'urar da ɗalibi ya haɗa da hannunsa, a bar ta a kunne a ɗakin gwaji mako guda, a riƙa ɗauke mata wuta ba sanarwa, sannan a zaunar da shi ya bayyana dalilin kowane layi da ya rubuta.