Wai hoton Sharaku fotokwafi ne!

Har yanzu maganar mutumin nan na jiya tana ci mini rai. Na nuna masa hoton Otani Oniji, ɗan wasan kabuki (wasan kwaikwayon gargajiya na Japan), da mai zanen Japan Sharaku ya zana, buɗar bakinsa sai cewa ya yi tunda da yawa aka buga, ai fotokwafi ne, me za a yaba?

Malam, a 1794 wane inji ne ya buga shi a birnin Edo, wato Tokyo ta yau? Hannu ne. Mai zane ya zana a siririyar takarda, masassaƙi ya manna ta rub da ciki a kan allon icen ceri, ya bi layi da wuƙa yana fere duk abin da ba layi ba, har zanen farko ya ƙare a bakin wuƙarsa. To ina asalin da kake nema? Takardar da aka buga ita ce asalin. Kowane launi da allonsa. Mai bugu ya shafa launi, ya daidaita takarda mai danshi da 'yar tsagar da ke gefen allo, ya murje bayanta da baren, wani ɗan faifai da aka naɗe da ɓawon gora. Ya sauya allo, ya sake murzawa. Ya kuskure da kaurin gashi, jan leɓe ya sauka a haɓa. Hannu ne, Malam, takarda bayan takarda.

Wai ai da arha ake sayar da su a wancan lokacin. Ƙwarai, kusan kuɗin kwanon taliyar soba. Sai me? 'Yan kallo ne ke saye, su koma gida da fuskar gwaninsu. Dubi yatsun Oniji a hoton nan a ware, baki a tsuke, ɗan ta'adda na shirin yi wa bawan wani fashi. Wanda ya kalli wasan ya san wannan tsayuwar.

Abin da ke taɓa mini zuciya shi ne, a jikin takardar akwai sunan Sharaku, akwai hatimin maɗaba'in, Tsutaya, da na mai tace hotuna, amma babu sunan wanda ya sassaƙa, babu na wanda ya murza. Su kake zagi, ba Sharaku ba.

Af, duk mai irin hoton nan, don Allah kada ya rataye shi inda rana ke bugu. Jan da shuɗin daga furanni aka samo su, da wuri suke koɗewa.