A Riƙa Cire Wa Mai Ciwon Suga Takalmi A Duba Ƙafarsa

Shekaru da dama ke nan ina raka mahaifiyata asibiti saboda ciwon suga, kuma na lura kusan duk nasihar da ake yi wa masu wannan ciwo a kan kwanon abinci take ƙarewa: a rage tuwo, a bar lemon kwalba, a sha magani a kan lokaci. Duk wannan daidai ne, sai dai da wuya ka ji an ce wa majinyaci ya cire takalmi a ga ƙafarsa, alhali ita ce gaɓar da ciwon ya fi raba mutane da ita.

Idan suga ya daɗe yana hawa, yakan kashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi, ya kuma rage gudun jini zuwa yatsu. Shi ya sa dattijo zai taka ƙusa ya wuni da ita a takalmi bai sani ba, ko ya miƙa ƙafa gaban garwashi da hunturu har fata ta ɗaye yana hira. Ɗan raunin da wani zai warke daga shi cikin mako guda, a wurinsa sai ya zama gyambo, daga nan a fara cewa ya taka asiri, a kai shi a yi masa sakiya ko a barbaɗa masa garin magani, ba za a nufi asibiti ba sai yatsa ya yi baƙi. Masana sun kiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na ƙafafun da ake yanke wa masu ciwon suga daga gyambo abin ya faro, kuma saboda girman matsalar ne aka keɓe Ranar Ciwon Suga ta Duniya, 14 ga Nuwamban 2005, ga batun ƙafa.

A ganina muna da wata dama da ba mu amfani da ita, wato alwala. Wanda ke wanke ƙafarsa sau biyar a rana ba ya buƙatar sabon tsari. Abin da ya rage shi ne a nuna masa, a aikace ba da baki kawai ba, yadda zai duba tafin ƙafa da dunduniya da tsakanin yatsu, sannan ya tsane su da ƙyalle mai tsabta, domin laimar da ke maƙalewa a tsakanin yatsu ita ke sa fata ta jiƙe ta tsage. A koya masa gwada ruwan ɗumi da gwiwar hannu, da shafa man kaɗanya a dunduniya saboda faso ba tare da ya sa shi tsakanin yatsu ba, da zazzage takalmi kafin ya saka. A faɗa masa ƙarara cewa reza ba ta taɓa kaushinsa, kuma almakashin masu yawon yankan farce ba nasa ba ne. Maniyyaci kuma a gargaɗe shi tun daga gida, domin takawa babu takalmi a kan daɓen da rana ta gasa a Makka ko Madina ta ƙona tafin alhazai masu suga da yawa.

Wannan darasi bai kamata a ba majinyaci shi kaɗai ba, saboda ciwon yakan taɓa ido, tsohuwa kuma ba lallai ta iya sunkuyawa ta ga tafinta ba. A gidanmu ƙanwata ce ke duba ƙafar Hajiya bayan sallar isha'i, kuma mun roƙe ta ta daina lalle mai duhu, tunda yana ɓoye ja da baƙin da ake nema.

Ga ma'aikatan lafiya, na san layi yana da tsawo, amma gwajin da ake yi da siririn zaren roba mai danna fata da ƙarfin giram 10 don a gane ko ƙafa tana ji bai wuce 'yan mintoci ba, kuma ana so a yi wa kowane majinyaci aƙalla sau ɗaya a shekara. Ku kuma masu raka majinyata, ranar da za ku koma asibiti, ku cire wa naku takalmi da safa tun kafin a kira sunansa, ku roƙi likita ya duba.