Malamin Turanci a ƙasar waje ba ya girma sai ya yarda ya koma ɗalibi

Kowace shekara dubban matasa kan ɗaure kaya su tafi Japan, Koriya ta Kudu, Saudiyya ko Sifen domin koyar da Turanci. Japan ta buɗe shirinta na JET tun 1987, inda ake haɗa baƙon malami da malamin gida su riƙe aji tare, a kan kwantiragin shekara ɗaya da za a iya sabuntawa har zuwa shekara biyar. Koriya ta Kudu ta biyo baya da irin wannan shiri mai suna EPIK a 1995. Mu ma muna da namu: a wannan shekarar ta 1987 Najeriya ta kafa shirin Technical Aid Corps, mai tura malamai da likitoci da sauran ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik na tsawon shekara biyu.

Kusan duk wanda ya dawo zai ce maka tafiyar ta sauya shi, ya ƙara da cewa tafiya mabuɗin ilimi. Ban musa ba, amma ina da ja a kan yadda ake faɗar maganar kamar shiga jirgi kaɗai ya wadatar. Akwai wanda zai yi shekara uku a Seoul, abokansa duka baƙi irinsa, cefanensa da nuni da yatsa, hirarsa da dare korafi a kan mutanen gari. Irin wannan yakan dawo da kuɗi da hotuna, halinsa kuwa yana nan yadda ya tafi da shi. Abin da ke gyara malami a can shi ne ya yarda ya zama wanda bai sani ba, ya koyi harshen mutanen da ya je koya wa nasa.

Dubi halin da yake shiga a makon farko. Mutum ne mai digiri, wanda aka saba miƙe masa idan ya shigo aji, sai ga shi tsaye a tashar jirgin ƙasa ya kasa karanta allo. A asibiti ya san abin da ke masa ciwo, bakinsa ya kasa faɗa. Ya haɗa jimla a ransa, ya maimaita ta sau da yawa a hanya, da ya buɗe baki mai shago ya amsa masa da sauri, komai ya watse. A Koriya da sauƙi, domin haruffan Hangul da Sarki Sejong ya samar a 1443 guda 24 ne ake amfani da su yau, mai himma zai iya karanta su cikin 'yan kwanaki. A Japan kuwa, bayan jerin haruffa biyu, akwai alamomin kanji, waɗanda aka aro daga rubutun Sin, sama da 2,000 da ake sa ran baligi ya sani kafin ya karanta jarida.

Wannan kunyar ita ce makarantar. Malamin da ya ɗanɗana ta ba zai sake kallon yaron da ya sunkuyar da kai a aji ya kira shi daƙiƙi ba. Ya gane cewa sau da yawa amsar tana cikin kan yaron, tsoron dariya ne ya danne ta. Sai ka ga ya rage gudun magana, yana jira bayan ya yi tambaya, ya daina gyara kowane kuskure nan take. Kwas ɗin CELTA na Cambridge na horar da malaman Turanci, wanda ake yi cikin mako huɗu tare da awa shida na koyarwa a gaban mai sa ido, yana koyar da waɗannan dabaru, kuma yana da kyau mutum ya yi shi. Sai dai dabarar da ka karanta daban take da wadda ka ji a jikinka.

Haka kuma zai ga yadda wasu ke ɗaukar karatu. A Koriya, ranar jarrabawar shiga jami'a a watan Nuwamba, ana dakatar da tashi da saukar jirage na kusan rabin awa domin kada ƙara ta dami masu rubuta ɓangaren sauraron Turanci. Su waɗannan yaran kuma sukan tashi daga makaranta su wuce darasin kuɗi har ƙarfe goma na dare. Mai hankali zai yaba ƙwazon, ya kuma tausaya wa yaran. A Japan ɗalibai da kansu suke share aji, su raba abincin rana. Malamin da ya ɗauki tsintsiya ya shiga cikinsu ya fi wanda ya tsaya yana ɗaukar hoto ƙaruwa.

Akwai ɓangaren da masu tallar wannan aiki ba sa son ambata, kuma ya shafe mu kai tsaye. Bizar koyar da Turanci ta Koriya, a bisa ƙa'ida, ta 'yan ƙasashe bakwai ce: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ireland, Ostareliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Ɗan Najeriya ko ɗan Ghana da ya yi karatunsa da Turanci tun firamare ba ya cikin lissafin. Wannan rashin adalci ne, kuma ƙungiyar malaman Turanci ta TESOL ta fito fili ta yi tir da irin wannan wariya tun 2006. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, malamin da ya koyi Turanci da guminsa ya san inda ɗalibi ke tuntuɓe. Bahaushen da ya yi fama da bambanta sautin p da f, ya kuma sha wuya kafin ya san inda ake sa the da inda ba a sawa, yana riƙe da ilimin da haifaffen Landan sai ya yi bincike kafin ya samu. Ga kuma kaɗaici, da sanyi, da azumi a garin da babu mai yi tare da kai, da mai gidan da zai duba launin fatarka ya ce ɗaki ya ƙare. Ba kowa wahala ke gyarawa ba, wasu ɗaci take cusa musu, shi ya sa nake ganin wanda zai tafi ya nemi abokai cikin mutanen gari tun da wuri, kuma ya karanta kwantiraginsa layi-layi kafin ya sa hannu.

Inda nake son ganin amfanin wannan tafiya shi ne bayan dawowa. Har yau akwai makarantu a garuruwanmu da ake cin tarar yaro ko a zane shi don ya yi Hausa a harabar makaranta, da sunan koya masa Turanci. Abin da hakan ke koya masa shi ne yin shiru. Malaman da suka taɓa tsayawa a ƙasar wasu baki ya ƙi buɗuwa sun fi kowa sanin haka, kuma su ya kamata ma'aikatun ilimi na jihohi da kwalejojin horar da malamai su nemo, su ba su ajin horar da sababbin malamai, su fara da soke wannan tarar.